Buga, doka, daka, kaɗa, ƙwanƙwasa: ina suka rabu, kuma daga ina suka fito?

Ɗalibar Hausa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina neman a warware mini kalmar "buga". Muna buga ƙofa, mu buga waya, mu buga littafi, mu buga ƙwallo, mu buga misali, mu buga bulo, har inji ma yana bugawa. Shin kalma ɗaya ce ta yi wannan yaɗo, ko kalmomi ne daban suka yi kama? Na biyu, me ya raba ta da doka da daka da kaɗa? Na uku, akwai masu cewa duk daga Larabci aka aro su.

Malam Mai Nahawu:
Wa alaikumus salam, Malama. Kalma ɗaya ce. Saiwarta bug-, kuma kafin a shiga ma'anoni gara a ga yadda take sauya riga, domin rabin ruɗanin daga nan yake. Masanin harshe F. W. Parsons ne ya tsara aikatau na Hausa giredi bakwai, wato rukuni bakwai bisa yadda ƙarshen kalma da muryarta ke sauyawa, a 1960, kuma bug- tana shiga kusan dukkansu.

A giredi na ɗaya, buga, murya sama sannan ƙasa. Abin da ke biye da ita sau da yawa shi ne abin da aka yi bugun da shi: ya buga masa sanda, ya buga kansa da bango. A giredi na biyu wanda bugun ya sauka a kansa ne ke biyowa: ya bugi yaro, ya buge shi da sanda. Na huɗu yana nuna aikin ya kai ƙarshe, abin ya faɗi ko ya tafi: mota ta buge akuya, ya buge masa hannu. Na biyar, ƙwaya ta bugar da shi. Na shida aikin ya nufo mai magana: bugo mini waya. Na bakwai abin ya ji bugu sosai: shaddar ta bugu, ko mashayi ya bugu.

Wurin da masu rubutu ke tuntuɓe shi ne "buge", domin rubutu ɗaya ne, furuci biyu. "Ya buge shi" na giredi na biyu murya ƙasa take farawa ta hau, na huɗu kuwa sama take farawa ta sauka. Gwajin mai sauƙi ne: cire wakilin suna ki sa suna. In ya koma "ya bugi Audu", duka ne kawai. In ya tsaya "ya buge Audu", to an kai shi ƙasa ko an banke shi. A rahoton haɗari wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Alaramma:
Allah ya saka wa Malam. Ni ɓangaren da zan taɓa shi ne na zaure. Kalmar ba Larabci ba ce, amma wasu ma'anoninta Larabci ne sanye da rigar Hausa. Malamai suna fassara "daraba" da buga, kalma da kalma, kuma duk inda Balarabe ya kai daraba sai buga ta bi shi. Alƙur'ani yana cewa "daraballahu masalan", kamar a Suratu Ibrahim aya ta 24 da Suratun Nahli aya ta 75 da 76, mai tafsiri ya ce "Allah ya buga misali". Daga bakin masu tafsiri ta fita kasuwa, yau har ana cewa wane abin buga misali ne.

Haka a taimama. Littattafan Malikiyya da ake fara karatu da su suna cewa "darba", mu ce bugu. Bugun farko farilla ne, na biyu sunna. Amma nan fassarar takan ɓatar da yara, su riƙa maka tafin hannu a ƙasa da ƙarfi ƙura na tashi. Abin nufi ɗora tafuka ne a kan ƙasa mai tsarki, in ƙasa ta maƙale a kakkaɓe a hankali, a shafi fuska, a sake ɗorawa a shafi hannuwa.

Sai bugun ƙasa na masu duba, wanda shi ma fassarar "darbur ramli" ce kai tsaye. Sunan ya dace da aikin: ana ɗiɗɗiga yatsa a rairayi layi-layi ba tare da ƙirgawa ba, a soke ɗigon biyu-biyu, abin da ya rage ɗaya ne ko biyu, layi huɗu su ba da siffa guda, siffofin duka 16. Na kawo shi don asalin kalmar ne kawai. Hukuncinsa sananne ne, hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Baban Marina:
'Yata, in kina son ganin ainihin buga kafin ta shiga littafi, je mabuga. A wajenmu "bugu" sunan sana'a ne sukutum. Ana kwantar da gungumen itace mai tauri wanda aka sassaƙe bayansa ya yi sumul, mabuga su zauna gefe da gefe, kowa da mabuginsa na itace mai nauyi. Tufa sai an yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a ninke ta tsaf, a ɗora, a riƙa bugu ana jan ta kaɗan-kaɗan don kowane wuri ya samu rabonsa, sannan a sake ninki a juya. Turkuɗi da rawanin ɗan Kura da Buzaye ke saya ba rini kaɗai ke ba su wannan ƙyalli ba. Garin shuni ake shafawa da ɗan kitse, a buga shi ya shige cikin zare. Shi ya sa yake zuba a fatar mai sawa. Shadda kuma da sitaci ko ƙaro.

Abin da ke ɓata aiki uku ne. In ruwa ya yi yawa tufa ba ta ƙyalli, sai ta yi dabbare-dabbare. In ta bushe ƙayau aka ci gaba, zare yana karyewa, musamman a bakin ninki, sai mai kaya ya buɗe ya ga layi ya tsage kamar an sa reza. Na uku, tsaga a jikin gungume ko ƙwayar tsakuwa guda, ita ce ke huda riga. Aikin zare na wuyan babbar riga kuwa ana juya shi ciki, a sassauta hannu a kansa.

Ki lura, ba wanda zai ce ya kai rigarsa "duka" ko "daka". Bugu gyara ne.

Inna Mai Fura:
Gaskiyar Baba. Daka kuma sai da turmi da taɓarya, kuma manufarsa abu ya farfashe ko ya zama gari. Amma ko a cikin turmin ba komai ne daka ba, kowane mataki da sunansa. Zangarniyar gero in aka zuba a turmi don tsaba ta fita, sussuka ce. Sai shiƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi. Sai surfe: a yayyafa ruwa kaɗan, a riƙa sa taɓarya da sassauci don dusa ta saɓule ba tare da tsabar ta fashe ba. Ruwa ya yi yawa, ya caɓe ya manne a turmi. Ya yi kaɗan, gero ya farfashe dusa na jikinsa, fura ta yi baƙi. Bayan an bakace an wanke an tsane, sannan daka, a tankaɗe, tsakin da ya rage a mayar a yi ribɗi. Dawo in ya dahu aka mayar turmi, kirɓi ne, kamar na sakwara. In mata biyu ko uku suka haɗu a turmi guda taɓare na sauka bi da bi, lugude ke nan.

Dawa da wake da shinkafa kuwa a masussuka da sanda ake yi, shi ya sa ake cewa bugun dawa, bugun wake. Hatsi iri ɗaya, in sanda ce bugu, in taɓarya ce sussuka.

Ɗan Damagaram:
To ai Inna ta kawo mu inda nake jira. Daka dai kam Larabci ce. "Daƙƙa" a Larabci shi ne ya daka, ya ƙwanƙwasa, kuma gari sunansa "daƙiƙ". Sauti ɗaya, ma'ana ɗaya. Me ya rage?

Malam Mai Nahawu:
Ɗan'uwa, kamar ta yi yawa, amma kama kaɗai ba ta isa hujjar aro. Muna da kalmar da muka tabbata an aro daga wannan saiwa ta d-ƙ-ƙ, wato daƙiƙa, kuma ta zo da ƙ mai lanƙwasa har biyu, kamar alƙalami da alƙali. Daka kuwa k ce tsura, kuma ba ta da ruɓanyar baƙin da ke cikin daƙƙa, alhali Hausa ba ta ƙin ruɓanya, ga bayyana da fassara sun riƙe tasu.

Ɗan Damagaram:
Malam, hujjar ƙ ba ta tsaya ba. Alkama daga "alƙamhu" take, kuma da k muke faɗinta. Kabari ma haka. Tsofaffin kalmomin aro da suka biyo ta bakin fatake ko ta Barebari ba su riƙe ƙ ba.

Malam Mai Nahawu:
Wannan gyara ne mai kyau, alkama da kabari sun raunana waccan hujja. Ga wadda ta fi ta ƙarfi. Daka ba ita kaɗai take ba, tana da dangi: daka, doka, duka. A Kano ana cewa ya doke shi, ana cewa ya dake shi, sunan aikin duka biyun duka ne. Dubi yadda wasali ke juyawa daga doka zuwa duka. Irin juyin soka da suka ne, koka da kuka, goga da guga, haka jefa da jifa, ƙera da ƙira. Wannan tsohon gini ne da ya daina haihuwa, ba aikatau ɗin aro da ke shigarsa. Ba wanda ke juya wasalin canza ko fassara haka. Kalmar da ke cikin wannan rukuni ta riga zuwan Larabci ƙasar Hausa.

Sannan Hausa 'yar gidan harsunan Chadi ce, kuma masu kwatanta waɗannan harsuna sun sami saiwa mai d ko t da k da ke nufin duka ko kisa a 'yan'uwanta, har da Ngizim na yankin Potiskum. Chadi da Larabci kuma rassa ne na babban gida guda, Afro-Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara. Saboda haka kamar daka da daƙƙa tana iya zama ta gadon kaka ɗaya mai nisa, tana iya zama ta kwaikwayon sauti, tunda taɓarya a turmi ƙara ɗaya take yi a Kano da Alƙahira. Aro shi ne mafi raunin bayanin ukun. Mata ba su jira fatake sun kawo musu sunan abin da suke yi kullum safiya ba.

Buga ma haka nake kallonta. Sunan aikinta bugu, irin kamu da samu, shi ma tsohon gini ne, kuma ba wata saiwar Larabci mai wannan ma'ana da ta yi kama da ita. 

Alaramma:
Ƙari a kan na Malam: inda aka ari kalmar Larabci a wannan fage, a fili take. Ɗab'i da maɗaba'a daga "ɗaba'a" suke, wato danna hatimi ya bar alama. Ɗabi'a ma daga nan take, halin da aka hatimce mutum a kansa.

Mai Ɗab'i:
Allah ya gafarta Malam, kuma duk da an aro ɗab'i, a bakin ma'aikata buga ce ta yi nasara. Dalilin yana cikin injin farko. Haruffan dalma ake jerawa ɗaya-ɗaya a juye, a ɗaure su cikin firam na ƙarfe, a ɗora katako a kansu a bubbuga da guduma don su daidaita, a shafa tawada, sannan faranti ya danno takarda a kansu. Harafin da ya ɗara sauran tsawo zai huda takarda, wanda ya nutse ba zai fito ba. Bugu ne na gaske, irin na hatimi. Da irin wannan aiki aka san jarida a Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939. Tafireta ma ƙarfe ne ke tashi ya bugi ƙyallen tawada. Yau firinta feshi take yi ko ta ɗora garin tawada da zafi, ba abin da ke bugun wani, amma sunan ya zauna.

Matsalar da muke samu da masu kawo aiki ita ce "bugu na biyu". Wani yana nufin a sake fitar da littafin yadda yake, wani yana nufin an yi gyara da ƙari. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, domin na biyun sai an sake tsara shafi an sake faranti. Ya kamata a riƙa rubuta "sake bugu" ga na farko, "bugu na biyu da gyara" ga ɗayan.

Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya:
Buga waya ma tana da irin wannan tarihi. Waya asalinta zaren ƙarfen da Turawa suka ja a kan turaku a farkon ƙarni na 20, na tangarahu. Ba magana ake yi a ciki ba. Ma'aikaci yana da ɗan maɓalli da yake bubbugawa da yatsa, gajeren bugu ɗigo, dogo kuma tsawon ɗigo uku, kowane harafi da tsarinsa. Wanda ke ɗaya ƙarshen yana saurare yana rubutawa. In tazarar da ke tsakanin haruffa ta gajarce, haruffa biyu su haɗe su ba da wani daban, saƙo ya lalace. Don haka a wancan zamani "an buga masa waya" takarda ce za a kawo masa. Da tarho ya zo sai ya gaji kalmar, da salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001 ita ma ta gada.

Ƙarfe na agogo ma daga bugu yake. Guntun ƙarfe ake ratayewa a bariki ko ofis ko makaranta, mai gadi ya buga shi sau adadin sa'a. Bugu uku, ƙarfe uku. Agogo kuma Yarabanci ce, can ma'anarta ta farko ƙararrawa.

Ɗalibar Hausa:
Na gode ƙwarai, Baba. To kaɗa fa? Na ji ana cewa buga ganga, na ji kaɗa ganga.

Ɗan Gidan Makaɗa:
Duka biyun ana faɗi, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Kaɗa tana son maimaici da tsari, abu ya riƙa kai da komo. Shi ya sa ake kaɗa nono, a kaɗa miya da maburgi, a kaɗa zare da mazari, iska ta kaɗa. Kiɗa daga nan ya fito, a Sakkwato da Katsina a ce kiɗi. Kalangu kaɗa shi ake yi: lanƙwasasshen makaɗi a hannu ɗaya, hammata na matse tsirkiya tana sakinta, murya na hawa da sauka har ya faɗi kirarin mutum. Kotso da yatsu. Garaya da molo da kuntigi ma kaɗawa ake yi ko da yake tsirkiya ce ba fata ba. Amma tambarin sarki buga shi ake yi, haka kuge, domin bugu ne ɗai-ɗai masu nauyi, sanarwa ce ba rawa ba. Wanda ya ce yaro yana buga kalangu, mu a wajenmu ya gaya mana yaron bai iya ba tukuna.

Fatar da ta sha sanyi ko damina takan saki, murya ta mutu, sai an shanya ta ko an kara ta kusa da wuta. In aka matsa mata zafi kuma, bugu ɗaya ta fashe.

Malam Mai Nahawu:
A kula da lanƙwasa wajen rubuta wannan. Kaɗa ƙuri'a da ɗ ne. In aka rubuta "kada", an shiga gidan kada na ruwa, ko kada ta hani, ko kā da ta kayarwa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malamai, ku ba ni dama in kawo inda yaɗon wannan kalma yake da haɗari. "Bugun zuciya" ana faɗinsa ga harbawar zuciya ta lafiya, wadda ga babba a zaune take tsakanin 60 zuwa 100 a minti. Ana jin ta da yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Ba a sa babban yatsa domin shi ma yana da nasa bugun. To kuma da wannan suna ake kiran toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, a ce bugun zuciya ya kashe wane. "Bugun jini" ma haka, wani na nufin harbawar jijiya, wani na nufin shanyewar ɓarin jiki. Mai rakiyar majinyaci ya fi taimakonsa in ya faɗi abin da ya gani: ƙirji na faɗuwa da sauri ne, ko ciwo ne mai danna ƙirji yana sauka hannun hagu da gumi, ko baki ne ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe. Na biyu da na uku ba sa jiran safiya.

Bakanike:
Haka yake a gareji, Hajiya. "Inji ya buga" ba wani ne ya buge shi ba. Tsakanin karanshaf da sandar fistin akwai siririn ɓawon ƙarfe mai laushi, kuma baƙin mai ne ke hana su haɗuwa. In mai ya ƙare, ko famfon mai ya mutu, ko ruwa ya shiga cikinsa, ɓawon ya cinye, rata ta buɗe, sandar ta riƙa dukan karanshaf kowane juyi. Ƙarar kwas-kwas ce daga ƙasan inji, tana ƙaruwa in an taka totur. In aka kashe mota a nan, sau da yawa wanke karanshaf da sabon ɓawo sun isa. In aka ce bari a ƙarasa gida, sandar na iya karyewa ta fasa jikin injin. Daga wannan ƙara sunan ya fito, daga baya ya zama duk abin da ya tsaya cak an ce ya buga.

Bulo kuma, tunda Malama ta tambaya: ana cika ma'auni da kwaɓin siminti da yashi, a ɗaga a buga da ƙasa, a danna da katako don ya cushe. Wanda bai ji bugu ba ramuka ne a cikinsa, yana marmashewa a hannu. Tubalin ƙasa da hannu ake mulmula shi, shi ya sa ba a cewa buga tubali.

Inna Mai Fura:
Ba a taɓo ƙwanƙwasa ba, kuma ita ce ta bugu mara nauyi. Da gaɓar yatsa ake yi, kuma galibi don a ji amsa ne. Mai sayen tukunya ko tulu ko randa yakan ɗaga ta ya ƙwanƙwasa: mai lafiya tana amsawa rau, mai tsaga ko wadda ba ta gasu ba muryarta a dushe. Ƙwarya ma haka. In gaɓar yatsan ta sauka a kan yaro kuwa ranƙwashi ne.

Malam Mai Nahawu:
Ƙwanƙwasa kam sautinta ne asalinta, ƙwas-ƙwas. Ninkin da ke cikinta daskararre ne. Bubbuga tana warwarewa ta koma buga, daddaka ta koma daka, amma ƙwanƙwasa ba ta da guda ɗaya da ake amfani da ita a wannan ma'ana, kamar girgiza da sansana. 'Yar'uwarta ƙwaƙƙwafa ita ta ba mu sunan tsuntsun nan maƙwaƙƙwafi mai saran itace da baki, da ƙwaƙƙwafi na mai bin diddigin magana.

Saura wani amfani na buga da bai shiga ko ɗaya cikin hanyoyin da aka lissafa ba: buga ihu, buga tsalle, buga sammako, buga tagumi. Nan ba a bugun komai, kalmar tana maye gurbin "yi" ne ta ƙara masa ƙarfi. Daka ma tana yin haka, daka tsawa, daka tsalle, daka wawa. Amma ba a musanya su yadda aka ga dama, ana daka wa yaro tsawa, sammako kuwa buga shi ake yi ko a doka shi. Sai "ya buge da barci", inda giredi na huɗu ya koma nufin inda abu ya ƙare.

Ɗan Damagaram:
To "bugu da ƙari" fa, Malam? Ni ina ganin daga awo take: a cika tiya, a bubbuga gefenta hatsi ya zauna, sannan a ƙara.

Inna Mai Fura:
Ɗana, aikin dai haka ake yinsa. Tiyar da aka bubbuga ta fi wadda aka zuba sama-sama ɗaukar hatsi, shi ya sa mai saye ke son a buga, mai sayarwa ba ya so. Gari ya fi tsaba nuna bambancin, domin iska ta fi zama a cikinsa. In za a auna garin tuwo ko na fura don sayarwa, a daidaita tun farko ko da bugu ne ko babu, kuma a tsaya a kan guda har a gama awon.